Me za a iya rabawa da sifili? Muhawara kan tambayoyin insha'in shiga Jami'ar Shikago

Malam Auwal, Zariya: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ga wasu tambayoyi, a taimaka a gaya mini abin da ake so yaro ya yi da su. Jami'ar Shikago ta Amurka ce ta sa wa masu neman gurbin digirin farko su a shekaru daban-daban, aka ce a rubuta insha'i shafi ɗaya ko biyu a kan wadda mutum ya zaɓa:

"Nemo x."
"Yaya kake ji game da ranar Laraba?"
"Mene ne a zahiri za a iya rabawa da sifili?"

Har da wadda suka ce sun sayi ƙatuwar kwalbar wani yajin Turawa da ake kira mastad, mai tsawon ƙafa ɗaya da rabi, wai a yi rubutu a kanta. Ɗalibaina biyu za su nema bana, Sadiya da wani yaro. Ni abin da na sani shi ne koyar da wasiƙa zuwa ga shugaban ƙaramar hukuma, da muhawarar makarantar kwana da ta jeka-ka-dawo. Wannan kam ta ina ake kama shi?

Injiniya Kabiru: Wa alaikumus salam Malam. Ta ukun ai amsarta a fili take: babu. Kalma ɗaya, an gama. Duk yaron da ya cika shafi biyu a kan haka, ni dai ba zan ba shi gada ya zana mini ba.

Maman Ilham: Hhhh. Yaya nake ji game da Laraba? Ranar da nake wankin yara ce. A ba ni gurbin.

Dakta Rabi: Maman Ilham da wasa kika faɗa, amma kin fi Injiniya kusa da abin da ake nema, don ke kin kawo Larabar gidanki, shi kuma ya kawo amsar littafi.

Malam Auwal, bari in shimfiɗa yadda abin yake. Yaro zai cike fom ɗin Common App, wanda jami'o'i sama da dubu suke karɓa. A ciki akwai babban insha'i na kansa da bai wuce kalma 650 ba, kuma shi ne yake zuwa kusan duk jami'ar da ya nema. Daga nan kowace jami'a tana iya ƙara nata tambayoyin. Shikago tana ƙara biyu. Ɗaya ta kowa da kowa ce, me ya sa kake son makarantarmu. Ɗayar ita ce wannan da ta ɗaure maka kai. Kuma ba wani farfesa ne yake zama ya ƙirƙiro su ba, ɗaliban makarantar da tsofaffin ɗalibai da waɗanda aka ɗauka sabo ne suke aikowa, ofishin ɗaukar ɗalibai ya tace ya fitar da 'yan kaɗan kowace shekara. Shi ya sa kake jin ƙanshin ƙuruciya a cikinsu. Zaɓi na ƙarshe a jerin kuma yakan ba ka damar ɗauko kowace tsohuwar tambaya, ko ka ƙirƙiri taka. To ka ga Sadiya tana iya ɗaukar ta sifilin nan bana idan ita ta kwanta mata.

Injiniya Kabiru: Dakta, duk na ji. Amma da me za a yi makin? Komai yana da ma'auni. JAMB ta tambaye ka, ka danna A ko C, kwamfuta ta ba ka makinka, ba ruwanta da ko kai ɗan wane ne. Nan kuwa an bar wa wani Bature ya karanta ya ce wannan ta burge ni, waccan ba ta burge ni ba. Son rai ke nan da aka sa masa kwat.

Nura (yana karatu a Amurka): Yaya Kabiru, ka duba matsalarsu. Cikin mutum ɗari da suka nemi Shikago, wajen biyar ake ɗauka. Mafi yawan ɗarin nan sakamakonsu ya yi kyau, A ce a jere. Tun 2018 ma makarantar ta daina tilasta kawo sakamakon SAT, jarrabawar da ake yi don neman jami'a a Amurka. Idan maki ya zo ɗaya, da me za ka raba su? Suna son su ga yadda kan yaro yake aiki idan aka ba shi abin da babu amsarsa a bayan littafi. Ajujuwansu da yawa zama ne a zagaye tebur ana musu a kan abin da aka karanto. Wanda bai iya juya magana ba sai an ba shi amsa ya haddace, zai sha wuya a can.

Malam Auwal, Zariya: Ashe dai kacici-kacici ne.

Nura: A'a Malam, Allah ya gafarta, nan ne yaranmu suke faɗawa rami. Kacici-kacici amsarsa ɗaya ce, mai tambaya ya riƙe ta a ciki, in ka kasa ka ba shi gari ya faɗa maka. Wanda ya rubuta "nemo x" ba shi da wata amsa a aljihu. Yaro ya kwana uku yana neman abin da suke nufi, alhali ba su nufin komai sai abin da shi ya kawo.

Musa, Damagaram: Mu nan Nijar abin bai zama mana baƙo sosai ba. A jarrabawar bakaloriya, ta kammala sakandare, akwai falsafa, a tsarin da muka gada daga Faransa, inda ake ba ɗalibi jimla ɗaya ya yi awa huɗu yana rubutu a kanta. Irin su "shin mutum yana iya yi wa kansa ƙarya?" Sai dai mu an koya mana hanya: ka kafa magana, ka kawo kishiyarta, ka sulhunta su, ka ambaci masana. Kuma ba ka cewa "ni" da "kakata" a ciki. Idan na fahimci Nura, su Amurkawa wannan "ni" ɗin ce ma suke nema.

Dakta Rabi: Haka ne Malam Musa. Ingila ma ta taɓa yin wanda ya fi na Shikago tsauri. Kwalejin All Souls ta Oksfod ta daɗe tana ba masu neman zama 'yan majalisarta, wato masanan da take ɗauka su yi bincike, kalma ɗaya tak, kamar "ruwa", su yi awa uku suna rubutu. A 2010 suka soke shi. To ka ga ko a can ba kowa ne ya yarda irin wannan gwaji yana auna abin da ake cewa yana aunawa ba. Injiniya yana da abokan ra'ayi.

Injiniya Kabiru: Alhamdu lillahi, ashe a Oksfod ma akwai masu hankali.

Maman Ilham: Ni damuwata daban ce. Mun tarbiyyantar da yaran nan a kan kunya. Yabon kai jahilci ne, haka aka ce mana, haka muka ce musu. Ilham ko maki ta ci a makaranta sai dai in gani a jakarta. Yanzu a ce ta zauna ta rubuta wa baƙo shafi biyu tana cewa ni ce kaza ni ce kaza? Bakinta ba zai iya ba, hannunta ma haka.

Nura: Anti, wallahi wannan ne ya sa nake ganin tambayoyin Shikago sun fi wa yaranmu sauƙi a kan na sauran. Wanda yake ba su wuya shi ne na Common App, inda ake cewa ba mu labarin wata wahala da ka ci ƙarfinta, ko wani abin da ka cim ma. A nan yaro ko dai ya noƙe, ko ya zarce ya fara "ni shugaba ne tun ina ƙarami". Jami'ar Stanford ma takan ce ka rubuta wa wanda za ku zauna ɗaki ɗaya wasiƙa, ka gabatar masa da kanka. Amma idan aka ce ki yi magana a kan Laraba ko sifili, an ɗauke fitilar daga fuskarki an haska wani abu. Ilham ba sai ta ce tana da kaifin basira ba. Ta yi maganar abin da ta sani sosai, mai karatu zai gani da kansa.

Sadiya: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ni ce ɗalibar Malam Auwal, shi ya sa aka saka ni a nan. Na riga na fara rubuta ta sifilin. Na fara da ma'anar sifili, sai tarihinsa daga Indiya zuwa Larabawa har da masanin lissafi Alkhawarizmi, sai na ce ƙauna ce kaɗai ake rabawa ba ta ƙarewa, na rufe da cewa ina son in zama likita in taimaki al'ummata. Malam ya ce Turancin ya yi kyau amma wani abu bai zauna ba.

Dakta Rabi: Sannu 'yata. Malaminki ya yi gaskiya. Wannan tsari na WAEC ne: gabatarwa, ma'ana, sakin layi uku, kammalawa, a cika kalma 450 a tashi. Ya yi miki amfani a inda aka yi shi domin shi. Amma ki tuna mai karanta takardarki ya karanta tarin wasu kafin taki, kuma ina tabbatar miki ba ke kaɗai za ki ce ƙauna ba. Ita ce amsar da take fara faɗo wa kowa. Tarihin sifili kuma yana intanet, ba ya gaya musu komai a kanki. Bari in tambaye ki: a gidanku ko unguwarku, ina kika taɓa ganin ana rabo da gaske, rabon da in an yi kuskure za a yi rigima?

Sadiya: Kakana ne yake raba gado a unguwarmu. Mutane sukan zo zaure bayan la'asar, ya sa tabarau, ya ɗauko wani tsohon littafin rubutu mai layi-layi da biro ja. Ba ya fara lissafi sai ya tambayi waye ya rasu, wa ya bari, akwai bashi, akwai wasiyya, akwai mai ciki. Tun ina aji ɗaya na sakandare ni nake duba masa lissafin da kalkuleta, shi kuma yana yi da ka, yakan riga ni. Akwai ranar da aka zo da maganar wani tsoho baƙo mai gyaran rediyo da ya rasu a ɗakin haya, aka yi cigiya aka rasa kowa nasa. Kakana ya buɗe littafin, ya rubuta abin da ya bari, wajen sunayen magada kuma ya ja layi ya bar shi fayau.

Nura: Tsaya nan Sadiya. Kin ga abin da kika yi yanzu? Dukiya a sama, magada sifili a ƙasa. Goge wancan na ƙauna.

Ustaz Hamisu: Ma sha Allah. Bari in ƙara mata abin da za ta tabbatar a wajen kakanta. A mazhabar Malikiyya, wanda ya rasu babu magaji, bayan an yi masa sutura an biya bashi an zartar da wasiyya, abin da ya rage baitulmali yake tafiya. Akwai kuma kishiyar wannan, inda rabon yake fin dukiyar yawa. Mace ta rasu ta bar miji da 'yan'uwa mata biyu shaƙiƙai. Miji yana da rabi, su biyun suna da biyu bisa uku. A kasa dukiyar shida: miji uku, su huɗu, ya zama bakwai, alhali shida ake da su. A zamanin Sayyidina Umar aka fuskanci irin wannan, aka yi abin da ake kira auli, wato a mai da kason bakwai, kowa ya ɗan rage daidai gwargwadon rabonsa. Yarinyar da ta taso tana ganin wannan a zaure tana da abin faɗa a kan lissafi.

Injiniya Kabiru: Ustaz, da girmamawa, amma ba a raba dukiyar tsohon nan da sifili ba. Ba a ma raba ta ba sam. An ɗauke ta ne dungurungum an kai wani wuri. Lissafi bai canza ba, amsa dai babu.

Dakta Rabi: Sadiya, kwafi wannan maganar ta Injiniya ki ajiye, ita ce tsakiyar insha'inki. Kada ki yi kamar ba ki san ƙa'idar ba, don mai karatu ya sani, kuma zai raina ki in kika zille mata. Ki faɗa da bakinki cewa kalkuletarki ta ƙi ba da amsa, kuma tana da gaskiya. Sannan ki tambaya: me ya sa lissafi yake da damar ya ce babu amsa ya tafi abinsa, amma kakanki ba shi da wannan damar, tunda ga rediyoyi da 'yan kuɗi a gabansa dole a san inda za su? Idan magada sun zama babu, sai aka ce na jama'a ne gaba ɗaya. Kin yarda da hakan ko kina da ja? Wannan ke za ki yanke, ba ni ba. Kuma ba dole ki kai ga amsa ba, in dai an ga inda kika bi.

Maganar zama likita kuma ki cire ta daga nan. Tana da wurinta a ɗaya tambayar.

Maman Ilham: To amma Dakta, maganar gadon Musulunci a gaban Turawa? Kin san abin da suke cewa a kan rabon mace da namiji. Kada yarinya ta jawo wa kanta.

Nura: Babu wanda zai iya yi miki alƙawarin abin da ke zuciyar mai karatu, Anti. Amma yara suna rubutu a kan coci da majami'ar Yahudawa da azumi, ba sabon abu ba ne. Abin kiyayewa biyu ne. Kada ya zama wa'azi, kuma kada ya zama neman afuwa. Ta ɗauka tana yi wa wani mai hankali bayani wanda bai taɓa jin kalmar baitulmali ba, ta fassara masa a jimla ɗaya ta wuce.

Abin da ni na fi tsoro shi ne wanda masu "taimaka wa" yara a gari suke sa su yi: a ce dole sai ka rubuta talauci, ko karatu da aci-balbal, ko Boko Haram, ko da kuwa a GRA ka tashi. Wai shi Bature yake son ji daga Afirka. Wanda abin ya same shi da gaske, hakkinsa ne ya faɗa in yana so. Wanda ya ara kuwa, ƙarya ce, kuma jami'a tana iya janye gurbi idan ta gano.

Injiniya Kabiru: Yauwa, ka zo inda nake. Ɗan mai kuɗi yana da wanda ake biya ya zauna da shi a kan rubutun nan wata da watanni. Sadiya ta yi sa'a tana da Malam Auwal da wannan zaure. Yaron da ke makarantar gwamnati a ƙauye fa? Ga kuma ChatGPT tun ƙarshen 2022, ka ba shi "nemo x" ya zubo maka shafi biyu kafin ka kurɓi shayi.

Dakta Rabi: Wannan ba zan musa maka ba, akwai rashin adalci a ciki. Jami'ar Duke ta Amurka ma a 2024 ta daina ba insha'i maki na lamba, kuma dalilan da ta bayar su ne waɗannan biyun da ka ambata, na'ura da masu rubuta wa yara. Suna karantawa har yanzu, amma ba su ɗauke shi hujjar iya rubutu ba. Abin da zan ce kawai, na'urar za ta ba ka ƙauna da tarihin Alkhawarizmi tsaf, amma ba ta san biro ja da layin da aka bari fayau ba sai in Sadiya ce ta gaya mata. Ga wanda ba shi da mai duba masa kuma, akwai cibiyar EducationUSA a ofishin jakadancin Amurka a Abuja da ƙaramin ofishinsu na Legas, aikinsu ke nan ba da shawara kan neman jami'o'in can. Bai isa ba, amma ya fi babu.

Malam Auwal, Zariya: Ɗayan yaron nawa fa? Shi ba ya son labari ko kaɗan, lissafi da fizis kawai.

Nura: Akwai tasa. A 'yan shekarun nan sun kawo wadda ta ce ka ƙirƙiri tambayar ƙiyasi irin ta Enrico Fermi, ka amsa, ka nuna hanyar da ka bi. Fermi shi ne masanin da ya jagoranci kunna tukunyar nukiliya ta farko a duniya, ranar 2 ga Disamba 1942, a ƙarƙashin benen 'yan kallo na filin wasan wannan jami'ar. An san shi da tambayar ɗalibai irin su masu gyaran sautin piyano nawa ne a birnin Shikago, ba tare da an duba ko'ina ba.

Injiniya Kabiru: To wannan tambaya ce ta mutane. Bari in gwada: tela nawa unguwa take buƙata kafin ƙaramar Sallah? A ƙaddara gida 1,000, kowane gida mutum 8, kowa kala biyu. Ɗinki 16,000 ke nan. Tela ɗaya in ya yi huɗu a rana, kwana 30 na azumi ya yi 120. Ka raba, kana neman tela wajen 133. Sai dai lissafin ya ɗauka kowa yana kai yadinsa ranar ɗaya ga azumi, alhali rabin mutane sai goman ƙarshe. Ya ɗauka akwai wuta. Bai sa aikin wuya na manyan riguna da yake cin kwanaki ba, bai sa masu sayen na kanti ba. In ka gyara waɗannan, sai ka gane me ya sa telan da ya ce maka "gobe in sha Allahu" ba lallai maƙaryaci ba ne, ya karɓi aikin mutum uku ne shi kaɗai.

Maman Ilham: Injiniya ka rubuta insha'in ka gama ba ka sani ba. Kuma telana maƙaryaci ne, kada ka wanke shi.

Injiniya Kabiru: Wannan lissafi ne Hajiya, ba insha'i ba.

Dakta Rabi: Malam Auwal, ka nuna wa yaron wannan, amma kada ya ɗauki telan, ya nemo nasa. Kuma roƙona gare ka da duk mai duba wa yaro: ku yi tambaya, ku nuna inda ba ku gane ba, ku gyara kuskuren nahawu, amma kada ku sa masa jimlolinku. Rubutun ɗan shekara 17 da ya koma na ɗan shekara 45 ana ganewa tun layin farko. Lokaci ma ya matso, zagayen farko na Shikago farkon Nuwamba yake rufewa, na gama-gari kuma farkon Janairu.

Abban Khalifa: Ku yi haƙuri na shigo a makare, na karanta daga sama. Nawa yaron Ingila yake nema, injiniyancin lantarki. Ya ɗauki irin wannan salon ya sa a nasa?

Dakta Rabi: A'a Alhaji, kada ya soma. Na Ingila ta UCAS ake bi, wato hukumar da ake neman jami'o'in Birtaniya ta hannunta, rubutu ɗaya ne yake zuwa duk kwasa-kwasai biyar da ya zaɓa, kuma iyakarsa harafi 4,000, har da tazarar da ke tsakanin kalmomi. Daga masu shiga a 2026 an kasa shi tambaya uku: me ya sa kake son wannan fanni, yaya karatunka ya shirya ka, me ka yi a wajen aji da ya shafe shi. Malaman sashen suna son su ji abin da ya karanta da abin da ya haɗa da hannunsa, ko da inbata ce ya kwance ya mayar. Labarin kaka da Laraba ba su da wuri a can. In kuma da Oksfod ko Kambirij a cikin zaɓinsa, tsakiyar Oktoba suke rufewa, ba Janairu ba.

Abban Khalifa: Tabɗi. Shi yana can yana jiran Janairu. Bari in kira shi yanzu.